Inna a Tsakanin Shuɗi da Ja

"Ke, ɗage wannan daga nan!"

Haka Inna ta daka min tsawa, ina durƙushe a tsakar gidanmu na Dingaya, na baje ƙyallayen tsofaffin atamfofin da na kwaso daga adakarta. Bargo nake son haɗawa, irin wanda na gani a wani littafin ɗinki da na saya a kasuwar Birnin Kudu.

Na ce, "Inna, littafin ne ya ce shuɗi ya bi ja."

Ta ce, "Littafin ya san masu zannuwan? Shuɗin nan na Yaya Ladi ne, jan kuma na Yaya Asabe. Tun da akuyar ɗaya ta cinye wa ɗaya wake, ko a gidan suna ba su ƙara zama tabarma ɗaya ba. Ke kuma yau za ki haɗa su da zare?"

Yayyenta ne, kuma duk sun rasu. Na tuna mata haka.

"Shi ya sa za ki yi musu dole, don ba su da bakin cewa a'a?"

Ina ta dariya, sai ta shiga ɗaki ta fito da wani koɗaɗɗen zanenta ruwan ƙasa, ta miƙo min almakashi. "Yanka ki sa a tsakaninsu. Dama tun muna yara nan ne wurina."

Launin bai dace ba ko kaɗan. Amma duk faɗin bargon nan, in ta lulluɓa, wurin take shafawa.

Jama'a, ku a gidanku zanen wa za a sa a tsakiya?