Gaisuwa Shafi Biyu

A unguwarmu ta Hausawa a Anacha, gab da samun mulkin kai, ni nake rubuta wa dattawa wasiƙa zuwa gida. A wurinsu na koyi cewa ba a afka wa mutum da buƙata. Sai ka gaishe shi, ka tambayi iyali da gajiya da ruwa, har tsohuwar maƙwabta, sannan can ƙasa ka ce a aiko da daddawa. Na ƙware ƙwarai, kaina har ya fara girma.

Babana mahauci ne, kuma bai ɓoye mini ba: in na faɗi jarrabawar aji shida, boko ya ƙare, sai mayanka da wankin hanji. Ni kuwa ko warin hanji ba na son ji.

Ranar wani gwaji a aji, malaminmu, wani Ibo siriri marar wasa, ya ce kowa ya rubuta wa mahaifinsa wasiƙa da Turanci yana roƙon littafi. Na ce yau ranata ce. Na gaida Baba, na gaida Inna, na bi abokan sana'arsa ɗaya bayan ɗaya. Ina cikin tambayar lafiyar shanu aka kaɗa ƙararrawa. Shafi biyu cur, ban ambaci littafi ba. Yaron da ke gefena layi biyar ya yi, ya zo na ɗaya. Ni na zo na biyun ƙarshe.

Na kai wa Baba takardar, na fassara masa. Ya ce, "Ina laifinta? Ai ka yi ladabi." Amma bai janye maganar hanji ba.

Wata uku malam yana bin gaisuwata da jar tawada yana datsewa, ina jin haushinsa kamar in yi kuka. Da babbar jarrabawa ta zo, wasiƙa aka sake tambaya. Na daure na yi layi biyar, na ci.

Na ruga kasuwa da murna, na faɗa wa Baba abin da na rubuta, daga farko har ƙarshe.

Ya ce, "Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba."

"Kuma da wannan ka ci?"

Na ce e, kunya ta rufe ni. Ya daɗe yana goge wuƙarsa.

"To, Allah ya sa albarka. Amma in ka yi nisa, kada ka aiko mini da irinta."