Tambayar da Goggo Ok-bun Ta Tanada

Da na dawo garinmu Mokpo daga karatu a Ingila, sai na fara koyar da tsofaffi Turanci duk safiyar Talata a zauren unguwa. A can na san Goggo Ok-bun, mai busasshen kifi a kasuwar bakin teku. Shekararta saba'in da uku, littafinta kullum da ƙarnin kifi.

Ranar da muka zo kan ni, kai, ke, ita, na ce a Turanci kai da ke duk "you" ne, babba ko yaro, sai ta ajiye fensir.

"Malam, wato da kalma ɗaya suke kiran kakarsu da karensu? Ba su da kunya ne?"

A wurinmu ba a ce wa mutum "ke" tsirara, sai dai a ce yaya, ko uwar wane.

Ƙawarta Mal-sun ta zungure ta. "To sarauniya, wane Baturen ne zai saye kifinki har kike zaɓen kalma?"

Bayan an tashi ta gaya min dalilinta na koyon Turanci. Tana da 'ya, Sun-hwa, wadda aka kai Amurka riƙo tana shekara biyu, lokacin da babu abin sawa a tukunya. Yanzu an gano ta, za ta zo da tafinta.

"Magana ɗaya nake so ta fito daga bakina, ba daga bakin yaron wasu ba."

Abin da ta zaɓa shi ne "Kin ci abinci?" Da shi muke tarbar wanda muka yi kewa. Wata uku tana maimaita shi ga masu sayen kifi, har bakinta ya saba da wannan "ke" ɗin.

Talatar da ta biyo bayan ziyarar, ta riga kowa zuwa.

"Na faɗa, Malam. Ta fahimta sarai."

"Me ta ce?"

"Ta ce e, ta ci a jirgi, ta gode." Ta yi ɗan murmushi. "Yarinya mai ladabi. Kwana huɗu ta yi."

Na ce zan rubuta wa Sun-hwa in bayyana mata abin da tambayar take nufi a wurinmu. Goggo ta girgiza kai.

"Idan kai ka faɗa, naka ne. Ta ce watakila za ta dawo baɗi." Ta jawo kujera kusa da allo. "Yaya ake cewa na neme ki?"