Dattijon da ke Fasa Ƙofarsa

Council, wato ƙaramar hukuma, ta aike ni duba wani tsohon gidan gona a bayan garin Manchester. A bakin ƙofa wani dattijon Bature yana dukan dutsen ginin da guduma, yana gurnani, jini na bin yatsunsa. Hannuwan nan, ina jin sun shekara hamsin suna tatsar shanu.

"Baba, gidan tarihi ne, listed ne," na ce. "Doka ta hana taɓa shi."

"Na sani, shekararsa ɗari huɗu," in ji shi, yana haki. "Keken matata ba ya shiga."

A tsakar gida wata tsohuwa tana zaune kan keken guragu, ruwan sama yana jiƙa bargonta. Ya sake ɗaga gudumar.