Azumin Ɗiyata ta Fari

Ɗiyata ta fari ta kusa mutuwa da yunwa cikin gidan da ake tuƙa tuwo sau biyu kullum, mu ko muna ta sa mata albarka.

Zamanin soja ne, lokacin da kuɗin mai sunka shigo, kowa ya aje keke ya hau babur. Muna zamne Tudun Wada. Ƙanwar maigidana mai aure Ikko ta zo ganin gida, ta kawo ma yarinya siket ɗinkin kanti, matsattse awa hanjin akuya. Ɗiyar tawa shekarunta sha biyar, tana sakandare, cikakka, ga kumatu. Siket ya ƙi wuce ƙugu. Gwaggon tata ta bushe da dariya tac ce, "Ke ɗiyata, wanga jiki sai buhu. 'Yan matan Ikko duk awa tsinke suke." Ta hau mota ta koma abinta.

Ga tela nan ƙofar gidanmu, da an kai mishi ya buɗa siket, da an huta. Yarinya ta ga ita za a rage.

Sai ta tsiri azumi. Litinin da Alhamis, daga baya kullum. Kakarta, uwar maigidana, wadda ke riƙonta, ta dinga bin gidaje tana fahari wai jikarta ta kama hanyar waliyyai. Maƙwabta na turo ɗiyansu su yi koyi. Gida cike da manya, babu wanda yat tambaya wane irin azumi ne babu sahur babu buɗa-baki. Hurar da ake dama mata awaki ke sha.

Ni ko ina gani. Amma ɗiyar fari ce: ba ni faɗin sunanta, ba ni zama kusa da ita, ba ni kallonta ido da ido. Kunya ke nan, wai tarbiyya. Na ga zane na neman zagaye ta sau biyu. Na ga gashi na zuba bisa tabarma in ana mata kitso. Na gan ta tana rawar ɗari cikin zafin Sakkwato. Iyakata in dubi bango in ce, "A ce ma waccan ta ci abinci." Bango bai isar da saƙo ba.

Wani hantsi ta faɗi bakin rijiya da guga ga hannu. Munka tahi asibiti. Malamar asibiti tac ce, "Wace ce uwarta?"

Kaka tac ce, "Ni ke riƙonta."

"Uwarta nac ce."

Na matso.

"Yaushe rabon da ki ga ta kai loma baki?"

Ban sani ba. Ta dube ni awa ta ga kashin kaji. "Wanga ciwo ne, ba ibada ba. Kuma shina kashewa."

Ran da anka sallame mu, na iske siket ƙarƙashin matashinta da igiyar awon tela. Na ɗauko kwano guda na kunu, na zamna bisa tabarmarta, na kira sunanta gaban kowa.

Kaka ta aje tasbaha. "Ke, kunyar taki fa?"

"Ta ƙare, Inna. Ki riƙe taki."

Yarinya ta fara kuka. "Yaya" take ce mini, ba ta taɓa ce mini uwa ba. "Yaya, in na sha, siket ba shi shigata."

"Da anka ɗinka shi, an auna ki?"

Ludayi ukku tas sha ran nan, ni na sha sauran. Kar wani ya ce daga nan ta warke. Sau biyu muna komawa asibiti, kuma mun kai wata damina muna kwano guda, wata rana da faɗa, wata rana da lallashi. Siket ko na yanka shi, ya zama tsumman sauke tukunya.

Da gwaggon ta sake zowa, ta buɗe baki za ta yi maganar jiki, na miƙa mata tsumman nac ce ta sauke mini miya.

Tsofaffin unguwa sun mutu suna ce mini marar kunya. Ɗiyata yau tana da jikoki, kuma har gobe da sunanta nike kiranta.