Randar Inna Hajo

Duk wanda ya taso a Gazara a farkon shekarun mulkin kai ya san Uwaisu mai mazarƙwaila. Ba zaƙin mazarƙwailar ne ya yi masa suna ba, don gaskiya ba ta fi ta kowa ba. Randa ce.

Shi ya fara shigo da rediyo mai batir unguwarsu, kuma ba don kansa ya saya ba. Mahaifinsa makaɗin gangar noma ne. Da ya rasu ya bar matarsa, Inna Hajo, da kewar kiɗan, ga kunnenta yana ta ƙara nauyi. Uwaisu ya ji ana sa gangar noma a rediyo da hantsi, ya ƙudurta sai uwarsa ta sake jin ganga kafin kunnen ya rufe gaba ɗaya.

To, rediyon ɗan mitsitsi ne, muryarsa kamar ta sauro. Ya ƙure shi, ya kara mata a kunne. Ta ture hannunsa.

"Uwaisu, wannan ai gwangwani ne. Gangar babanka a ƙirji ake jin ta."

Ranar kasuwar Makarfi ya kai kukansa wurin Barnaba, tsohon soja mai gyaran rediyo. Barnaba ya ba shi wata babbar sifika da aka ciro daga motar majigi, ya naɗa jar waya a jikin guntun ƙarfe, ya haɗa.

"Malam Uwaisu, naɗin nan shi zai tace sautin. Mai kaurin kaɗai zai wuce zuwa babbar sifikar, siririn ya tsaya a ƙaramar da ke cikin rediyon. Amma ka nema mata ciki mai faɗi, kamar akwati."

Uwaisu ba kafinta ba ne. Ya gwada kwali, ya gwada ƙwarya, duk shirme. A ƙarshe ya kife sifikar a bakin randar ɗakin Inna, ya liƙe gefen da yumɓu. Sai dai mutumin kirki bai iya ɓarnar ruwa ba, ya bar randar a cike. Sautin ya fito a shaƙe.

Matarsa Sabuwa, wadda ta ɗebo ruwan nan tun daga rijiya, ta tsaya tana kallonsa. "Malam, ka taɓa ganin ganga cike da ruwa?"

Ya ɓare yumɓun, ta juye ruwan a tuluna, ya sake liƙe sifikar. Da hantsi ya yi, ganga ta tashi daga cikin randa, har kwanukan jere suna rawa. Duk da haka Inna Hajo ba ta ji ba, kunnen ya riga ya tafi. Zuciyar Uwaisu ta karye, ya miƙa hannu zai kashe.

Ita kuwa ta dafa randar ne za ta tashi, sai ta tsaya cak. Ta ɗora ɗaya tafin, ta matso, ta manna ƙirjinta.

"Wannan makaɗin," in ji ta, hawaye na zubo mata, "hannunsa na hagu bai kai na babanka ba."

Ba ta saki randar ba sai da kiɗan ya ƙare. Har ta bar duniya, ba a sake zuba wa randar nan ruwa ba.