Ɓeran da Ke Gadin Hantar Maigida

Wani ɗan ƙwas-ƙwas na ji daga bayan galan-galan, ina tsintar shinkafa da hantsi a gidanmu na Majidaɗi. Ɓera ne ya tare a sito, inda maigidana ke ajiye tina, ruwan nan mai hawa kai da ake tsinka fenti da shi. Feshin kujeru da ƙofofi yake yi a Yelwa, kuma bai taɓa yarda ya rufe hanci ba, wai takunkumi na hana shi gaisawa da mutane.

Na ɗana tarko ke nan sai ga ƙanwar maigida, mai karatun kimiyya a jami'a. Ta leƙa siton ta yamutsa fuska.

"Anti, irin waɗannan ruwan fa ɓeraye ake sa wa su yi ta shaƙa a ɗakin gwaji. Daga baya a duba hantarsu ko ciwon daji ya kama ta."

"To, yana kamawa?"

"Wasu ruwan na jawowa. Ki gaya wa Yaya."

Na gaya wa Yayan nata. Ya ce, "Maman yara, ni ɓera ne?" Ya hau babur ɗinsa.

Sai na kwance tarkon. A tunanina, wannan ɓeran a cikin warin yake kwana yake tashi, ya fi maigida shaƙa. Muddin yana motsi, hantar mijina ƙalau take. Na fara ajiye masa ƙuli-ƙuli. A addu'ar safe kunya ta hana ni ambatonsa, sai in ce, "Ubangiji, ka kiyaye duk mai numfashi a gidan nan." Ɓeran ya huda zanen ankonmu na zumuntar mata, na yafe masa.

Wata safiya na tarar da ƙuli-ƙulin yadda na bar shi. Washegari ma haka, sito tsit. Na ɗaure makullin babur a bakin zanena, na tsaya a ƙofa ina hawaye.

"Yau babu Yelwa. Asibiti za mu."

Likita ya ji labarina, ya yi dariya har sai da ya cire tabarau. Ya ce ɓeran sito ba gwaji ba ne, amma ya sa aka ɗebi jinin maigida. Hanta lafiya. Sannan ya daina dariya, ya ce a fitar da galan-galan daga gida, kuma kada a sake feshi babu abin rufe hanci. A hanya maigida ya sayi takunkumi mai kama da bakin alade.

Da muka dawo na shiga fitar da kayan, ina duba lungu-lungu ko zan ga gawar bawan Allah in binne. Autarmu tana zaune a dokin ƙofa tana kallona.

"Mama, magen maƙwabta ce fa ta cinye shi, a gabana. Yanzu ita za mu riƙa ba ƙuli-ƙulin?"