Larabar da Na Hana Ɗana Koyon Sola

Akwai wata Laraba da ba za ta fita daga raina ba muddin ina numfashi, kuma duk sa'ad da na tuna ta, ɓacin ran sabo yake dawowa.

Babban ɗana ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa, ya dawo Daura da shawarar koyon haɗa wutar sola. Ya lura cewa daga masu shaguna har manoman rani kowa ita yake nema, alhali masu iya aikin ba su da yawa. Wani gwani a cikin gari ya yarda zai karɓe shi, amma bisa ƙa'idarsa: ba ya ɗaukar mai koyo sai uba ya tako da ƙafarsa ya damƙa masa amana. Gurbi ɗaya ya rage, ya kuma sa mana Laraba.

"Baba, gaisawa kawai za ku yi, ka ce ka ba shi ni," in ji yaron.

Na daka masa tsawa. "Da digirin naka za ka riƙa hawa rufin mutane? Ni kuma in je in rusuna wa wanda ko sakandare bai gama ba? Miƙo takardunka!"

Ranar Larabar sai na hau mota zuwa Katsina, gidan wani babba da muka yi aji ɗaya, don ya samo masa aikin ofis. Tun hantsi nake kan benci har aka kira la'asar. Da ya fito, ko tsayawa bai yi ba.

"A'a, mutumina! Ba direba takardun, za a duba."

Direban ya buɗe bayan mota ya cilla ambulan ɗin a kan tarin wasu, waɗansu har baƙin mai ya jiƙa su. Shekarun karatun ɗana ke nan a gefen jarka. Amma bakin nan da ya iya tsawa a gida, "Na gode, ranka ya daɗe" kawai ya iya furtawa.

Kafin in dawo gwanin ya ba wa wani yaro gurbin. Ɗana bai ce komai ba sai "Sannu da hanya, Baba." Shekara uku ya yi a zaune, ba a kira shi ba. Daga bisani ya tafi Kano ya koyi aikin, ba tare da ya sake neman shawarata ba.

Na daɗe ina tsine wa mutumin Katsina kafin in yarda cewa ni ne babban mai laifi. Rusunawar da na ƙi yi wa mai sana'a, na je na yi wa wanda ko kallona bai yi ba. Yanzu na san cewa idan yaro ya hango abin da jama'a ke buƙata, uba ba shi da hurumin ɗora girman kansa a kan shekarun ɗansa.